Littafin aiki: tsutsar fatar shanu da bakteriyar da ke cikinta

Litinin, 7 ga Afrilu 2025

Yau Dakta, malamar da ke kula da bincikena, ta sa hannu a kan tsarin aikin, likitan dabbobi mai kula da kwata kuma ya ba ni takardar izinin ɗibar samfur. Daga yau zan riƙa rubuta abin da aka yi da abin da ya ci na kuɗi, don ɗalibin da zai zo bayana ya san inda ramukan suke.

Tsutsar da nake nema ita ce *Onchocerca ochengi*. Tana zama a cikin fatar saniya, ta yi ɗan ƙululu ta nannaɗe a ciki. Saniya ba ta cika jin jiki da ita ba, shi ya sa makiyaya ba su damu da ita ba. Ni abin da ya ja ni gare ta shi ne, a duk tsutsotsin da aka sani babu wadda ta kai ta kusanci da *Onchocerca volvulus*, mai kawo wa mutane makantar kogi da ƙaiƙayin da ke hana barci. Baƙin ƙuda guda ne ke ɗaukar su duka biyu, *Simulium damnosum*, wanda ke hayayyafa a ruwa mai gudu. Samun tsutsar mutum sai an yi wa mara lafiya tiyata an ciro ƙululun. Ta saniya kuwa kullum da asuba tana kwance a kwata, ana shirin babbake ta a yi ganda.

A cikin jikin tsutsotsin nan biyu akwai ƙwayar bakteriya mai suna *Wolbachia*. Ba cuta ce ga tsutsar ba, abokiyar rayuwarta ce: in aka kashe bakteriyar, tsutsar ta mace takan daina haihuwa, daga baya ta mutu. A bangon waje na bakteriyar akwai furotin da ya fi saura yawa, ana ce masa WSP. Yana cikin abubuwan farko da garkuwar jikin saniya ko mutum za ta ci karo da su duk lokacin da tsutsa ta mutu, bakteriyar ta watsu a nama.

Abin da nake son yi mataki uku ne. In ciro ƙwayar gadon *wsp*, wadda ke ƙera WSP, daga tsutsotsin shanun da ake yankawa a nan, in sa bakteriyar *E. coli* ta ƙera mini furotin ɗin da yawa, sannan in gwada ko jinin shanu masu ƙululu yana gane shi fiye da na marasa shi. Kuɗin da ke hannu naira dubu 650 ne, da abin da ɗakin gwaji ya riga ya mallaka.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na isa kwata bayan sallar asuba. Kafin in taɓa komai sai da na je na gaida Sarkin Fawa, na miƙa takarda. Bai ko duba ta ba, ya ce, "Ɗana, faɗa mini da bakinka, me kake nema a jikin fata?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wasu 'yan ƙululu ne kamar ƙwayar wake, a wajen cibiya da hantsa." Ya kira wani dattijo cikin masu fiɗa, ya ce in bi shi.

Baban nan ya san su sarai. Ya juya fatar ta ciki, ya bi ta da tafin hannu, nan da nan ya nuna mini wurare huɗu da idona bai gani ba. Ya ce shanun da ake kawowa daga wajen Adamawa da Mambila sun fi yawan su, na arewa can wajen iyaka kuwa sai a bi fata goma ba a samu ba. Ban yi mamaki ba, domin inda koguna ke gudu a kan duwatsu nan ƙudan yake. Yawancin abin da duniya ta sani game da wannan tsutsa ma a Ngaundere ta Kamaru aka gano shi, a garken da ke kiwo bakin kogin Vina, kuma tudun nan ɗaya ne da na Adamawa.

Inda aikin ya yi wuya shi ne haɗa jini da fata. Dole in san jinin da na tara a kwalba na wace saniya ce, kuma fatar da zan duba bayan rabin sa'a tata ce. Ana kayar da shanu da yawa a lokaci guda, da an fiɗe kuma fatun duk sun cakuɗe. Baba ne ya kawo dabara: a ɗaura tsumma mai lamba a fatar ƙafar gaba kafin yanka, tunda ita takan biyo fatar. Da haka muka yi, na sami shanu 9 da jininsu da fatarsu suka dace, 6 masu ƙululu.

Fata kuɗi ce a wurinsu, don haka duk yankin cikin da na yanka na biya naira 1,500. Ƙanƙara 1,000, keke zuwa da dawowa 1,600. Na ba Baba na goro, ya ƙi karɓa sai da na nace.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kwata. Shanu 7, masu ƙululu 3. Na bar jinin ya daskare, na juya shi a inji, na kwashe ruwan saman na raba ƙananan kwalabe, na sa firiza.

Talata, 15 ga Afrilu

Na fara buɗe ƙululun. In ka tsaga shi a hankali da reza a cikin ruwan gishiri, namijin yakan fito da kansa yana motsi, siriri, bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Macen ita ce aiki. Ta ninka shi tsawo sau da yawa, ta sarƙe da naman ƙululun, in ka ja ta da ƙarfi ta tsinke. Sai an jiƙa ƙululun a kolajines, kashi 0.5 cikin ɗari, a zafin 37, har naman ya narke ya sake ta. Kolajines ɗin ragowar wani tsohon aiki ne da Baba mai kula da ɗakin gwaji ya adana. Da saye zan yi, da kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi.

Macen nake so, domin a jikinta bakteriyar ta fi yawa. *Wolbachia* na zaune ne a wasu igiyoyi biyu da suka bi gefen jikin tsutsar ta ƙarƙashin fata, a maza da mata. Amma a mace har cikin ƙwai take shiga, ta nan take bin 'ya'ya. Namiji ba ya gadar da ita.

Da na matsa wani yanki na mahaifar a kan gilashi na duba a maikiroskof, 'ya'yan tsutsar ne cike da fili, wasu a naɗe cikin ƙwai, wasu sun miƙe suna wutsil-wutsil. Na daɗe ina kallo. Irin waɗannan ne na *volvulus* ke yawo a fatar mutum har su kai ido.

Rabin tsutsotsin na sa a itanol, rabi na daskarar da su haka nan.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na ciro DNA daga mata 8. PCR na farko, wato ninka guntun DNA har ya fito a matsayin layi a jel, babu layi ko ɗaya, har da na guntun gadon *cox1*, wanda na tsutsar ce kanta kuma bai kamata ya ƙi ba. Tunda shi ma ya ƙi, ba rashin DNA ba ne, wani abu ne ke shaƙe inzayim ɗin, wato sinadarin da ke ninka DNA. Ruwan DNA ɗin da kansa yana da ɗan duhu. Launin baƙar fata da ragowar jini duk sun shahara da hana PCR tafiya.

Baban ɗakin gwaji ya leƙo ya ce, "Malam, tsarma shi. Wani lokaci kaɗan ya fi yawa amfani." Na tsarma kashi ɗaya cikin goma, na ƙara ɗan furotin BSA a haɗin. Shida cikin takwas suka ba da layi mai kyau a wajen tsawon harufa 690, inda ake sa ran *cox1*. Biyun da suka ƙi daga baƙaƙen shanu suke. Nan gaba zan wanke tsutsa sau da yawa a ruwan gishiri kafin in niƙa ta.

Litinin, 28 ga Afrilu

Tun daren Juma'a taransifomar unguwar ta lalace, janaretan sashe kuma ba mai. Na shigo da safe na tarar da ruwa kwance a gaban firiza. Zafin Afrilu ba ya ragawa kowa. Ma'aunin da ke ciki yana nuna 19 sama da sifili.

Na zauna na bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Tsutsotsin da na daskarar ba itanol duk sun lalace, wari ma ya isa shaida, na zubar da su ta hanyar da ta dace. Na cikin itanol lafiya lau. DNA da na riga na ciro ba abin da zai same shi a kwana biyu. Abin da ya fi tsaya mini a rai ruwan jinin ne. Antibodi, wato furotin na garkuwar jiki da ke cikin ruwan jinin, yana da juriya, amma kwalabe biyar sun yi gurɓi-gurɓi, alamar wani abu ya tsiro a ciki, kuma huɗu daga cikinsu na shanu marasa ƙululu ne, waɗanda dama su ne ƙaranci a wurina. Jini in ya tafi ya tafi, saniyar an cinye ta tun makonni biyu da suka wuce.

Na je wurin Dakta. Ta saurara har na gama, ta ce, "Sannu. Abin da ya tsira a kwashe shi yau, kada a kwana." Ta yi waya, wani sashe da ke da firiza mai aiki da hasken rana suka ba mu aron aljihu ɗaya. Mu ɗalibai biyar da ke amfani da ɗakin mun yanke shawarar haɗa naira dubu 10 kowa duk wata don man janareta na ƙarshen mako, da jadawalin wanda zai riƙa leƙowa Asabar da Lahadi.

Daga yau ƙa'idata: duk tsutsa a itanol, duk ruwan jini kashi biyu a gini biyu.

Juma'a, 2 ga Mayu

Kwata, don cike gurbin abin da ya lalace. Na roƙi Baban kwata ya riƙa nuna mini shanun arewa musamman. Yanzu ina da masu ƙululu 14, marasa shi 11. An kashe 13,500.

Talata, 6 ga Mayu

Firaimomin *wsp* (gajerun guntayen DNA da ke nuna wa PCR inda zai kama) da ke cikin ɗakin su ne 81F da 691R, waɗanda wani ya saya don aikin sauro. A DNA na sauron gida, *Culex*, sun ba da layi mai kauri a wajen 600. A tsutsotsina kuwa sai inuwa-inuwa, wasu ma babu. Na gwada firaimomin 16S, wata ƙwayar gadon *Wolbachia*, a kan samfuran nan, duk suka fito. Ke nan bakteriyar tana nan, firaimomin ne ba su zauna daidai ba.

Dalilin a fili yake. An tsara su a 1998 daga jerin *Wolbachia* na ƙwari, rukunin A da B. Ta *Onchocerca* da ta tsutsar zuciyar kare 'yan rukunin C ne, ta tsutsotsin tundurmi, *Wuchereria* da *Brugia*, rukunin D. Sun daɗe da rabuwa da na ƙwari, harufan wurin da firaima ke kamawa sun sauya.

Na yi odar biyu. WSPintF da WSPintR, waɗanda aka tsara don tsutsotsi. Sai wasu biyu da na tsara da kaina daga cikakken jerin DNA na *Wolbachia* ta *ochengi* da aka wallafa a 2012, na liƙa musu wuraren yanka na inzayim biyu, NdeI da XhoI, na kuma tsallake ɗan guntun farko da ke jagorantar furotin zuwa bango, tunda ba ya cikin furotin da ya kammala. Naira dubu 52 da kuɗin kawowa. Sun ce mako uku.

Alhamis, 15 ga Mayu

Jira. Na yi amfani da lokacin na rubuta babi na biyu na kundin bincikena, kuma akwai abin da nake so ya zauna a nan.

An fara ganin bakteriyar ne a 1924, Hertig da Wolbach suka gan ta a sauro. A shekarun 1970 masu duba tsutsotsi da maikiroskof na lantarki suka ga wasu ƙwayoyi cike da jikinsu, suka rubuta, aka wuce. Sai a 1995 aka tabbatar da cewa *Wolbachia* ce, a tsutsar zuciyar kare. Shekara ashirin ke nan abin yana kwance a takarda ba wanda ya tambayi me take yi a wurin. A 2000 amsa ta zo ta hanya biyu. A Ngaundere aka yi wa shanu allurar oksitetirasaikilin na tsawon watanni, bakteriyar ta ɓace, manyan tsutsotsin suka mutu, ƙululun suka baje. A Gana kuma Achim Hoerauf da abokan aikinsa suka ba mutane doksisaikilin, miligiram 100 kullum har mako shida, matan tsutsotsin suka daina haihuwa.

Muhimmancin wannan sai an dubi abin da ake da shi. Aibamektin, wato Mectizan da ake rabawa kyauta tun 1987, 'ya'yan tsutsa yake kashewa, ya dakatar da uwar na wasu watanni. Uwar kuwa tana iya kai shekara 10 zuwa 15 a jikin mutum. Shi ya sa ake rabon shekara da shekaru. Ya yi aiki ƙwarai: jihohin Filato da Nasarawa sun kai matsayin dakatar da rabon a 2018, kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da cutar. Amma a dazukan tsakiyar Afirka, inda wata tsutsar mai suna *Loa loa* take, mutumin da 'ya'yanta suka yi yawa a jininsa in ya sha aibamektin yana iya suma, har ya rasa rai. *Loa loa* ba ta da *Wolbachia*, don haka doksisaikilin ba ya taɓa ta, ba ya jawo wannan hatsarin. Matsalarsa shi kuma tsawon kwanakin sha, ga shi ba a ba mai ciki da yaro ƙasa da shekara 8.

Ra'ayina shi ne, duk wanda zai nemo gajeren magani da ke kashe bakteriyar, zai buƙaci hanyar sanin ko ta mutu ba tare da an yanka mutum ba. Ba na cewa WSP ne amsar. Ina cewa a saniya ana iya gwada irin wannan tambaya da arha, kuma shanun a ƙofarmu suke.

Laraba, 28 ga Mayu

Firaimomi sun iso. WSPint ya ba da layi guda, tsaf, ɗan ƙasa da 600, a duk samfura 10 da na sa. Kwalbar ruwa zalla babu komai. Nawa firaimomin ma sun yi aiki bayan na sauke zafin kamawa zuwa 50 a zagaye biyar na farko. Na kai wa Dakta hoton jel, ta ce, "Madalla. Yanzu ka tabbatar mini abin da kake gani shi ne abin da kake zato."

Talata, 3 ga Yuni

Na aika samfura 6 a karanta jerin harufansu, uku *cox1*, uku *wsp*, gaba da baya. Naira dubu 132. Wannan ne kashe kuɗi mafi girma zuwa yanzu. Na yanka guntun da filasmid pET, wato zoben DNA da zai ɗauke shi, da inzayim biyun, NdeI da XhoI, na haɗa su suka kwana, na shigar cikin *E. coli*. Faranti ya fito da ɗigo-ɗigo masu yawa, biyar cikin takwas da na duba suna ɗauke da guntun.

Litinin, 9 ga Yuni

An yi Babbar Sallah ranar Juma'a. Jiya na leƙo janareta, ranar aikina ce.

Sakamakon karatu ya shigo. *Cox1* duka ukun *ochengi* ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ba ita kaɗai ce *Onchocerca* a jikin saniya ba. Akwai *gutturosa* a jijiyar wuya, *armillata* a bangon babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, da *dukei* da ita ma ke yin ƙululu. *Wsp* ɗin kuma ya dace da na *Wolbachia* ta *ochengi* da ke GenBank, rumbun jerin DNA na duniya, kuma tsakaninsa da na *volvulus* kusan babu bambanci.

Wannan ya ba ni sha'awa. Furotin ɗin yana ratsa bangon bakteriya sau takwas, ya bar madaukai huɗu a waje. A *Wolbachia* ta ƙwari madaukan nan huɗu suna sauyawa sosai, har iri daban-daban kan yi musayar guntaye. A ta tsutsotsi sun fi natsuwa, saboda bakteriyar ba ta tsallaka daga wani jinsi zuwa wani, uwa ce kawai ke miƙa wa 'ya. Ga aikina wannan alheri ne: abin da na ƙera daga saniya zai iya tsayawa a madadin na mutum.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ƙera furotin. A BL21, wani irin *E. coli*, da IPTG, sinadarin da ke kunna ƙerar, zafi 37, abin da ya fito kaɗan ne ƙwarai, kuma ƙwayoyin suka daina girma. DNA na *Wolbachia* kusan kashi biyu cikin uku A da T ne, yana amfani da wasu kalmomin gado da *E. coli* ba ta cika amfani da su ba. Wata 'yar ajinmu da ke aikin zazzaɓin cizon sauro ta ba ni irin Rosetta, wanda aka ƙara wa abin da ke karanta irin waɗannan kalmomi. Na ce, "Yaya, Allah ya saka," domin da odar zan yi da wata guda ya tafi.

A Rosetta layi ya fito da kauri a wajen kilodalton 24. Sai dai da na fasa ƙwayoyin na juya, duk furotin ɗin yana cikin gudajin da ya kwanta ƙasa, babu komai a ruwan sama. Na sauke zafi zuwa 18 na bar shi ya kwana, na rage IPTG, bai sauya ba. Furotin ne da aka halitta don zama cikin maiƙon bango, in ba bangon sai ya dunƙule. Na haƙura, zan narkar da shi da yuriya.

Laraba, 25 ga Yuni

Yuriya mola 8 ta narkar da shi. Na bi da shi ta kan nikel, wutsiyar histidin shida da filasmid ya liƙa masa ta kama, na wanke, na sauko da shi da imidazol. Da na fara janye yuriyar a hankali, ana kaiwa ƙasa da mola 2 sai ruwan ya yi fari, furotin ya sake dunƙulewa. Na tsaya a 2. Don shafa farantin ELISA, gwajin da ke nuna ko antibodin jini ya kama furotin, hakan ya isa, tunda za a tsarma shi sosai. A jel akwai babban layina da wasu siraran layuka uku a sama. Na rubuta su, ban so ganinsu ba.

Juma'a, 4 ga Yuli

ELISA na farko. Antibodin da na sayo, mai nemo antibodin saniya a faranti, ya ci naira dubu 185, don haka kowane faranti da lissafi nake yin sa.

Da na zuba TMB, sinadarin da ke yin shuɗi inda antibodi ya kama, farantin gaba ɗaya ya yi shuɗi, ramuka 96, har waɗanda ban sa ruwan jini a cikinsu ba. Wannan na ƙarshe shi ya nuna inda matsalar take. Takardar aikin da ake bi a ɗakin an rubuta ta ne don jinin mutum, kuma da garin madara ake toshe faranti, don kada antibodi ya manne a wuraren da furotin bai rufe ba. Madarar saniya tana ɗauke da antibodin saniya. Abin da na sayo don ya nemo antibodin saniya ya same shi shimfiɗe a ko'ina. Na koma toshewa da jelatin na kifi, ramukan da ba jini suka yi fari.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A faranti na biyu duk shanun 25 sun yi launi, masu ƙululu da marasa shi, kusan daidai wa daida. Wanda ke gaggawa zai ce duk shanun garin nan sun san WSP. Ni siraran layukan nan uku na tuna. Babu saniyar da ba ta taɓa haɗuwa da *E. coli* ba, a hanjinta take kwana, jininta cike yake da antibodin da ke gane ta. Duk ɗan abin da ya biyo furotina daga *E. coli* zai haska.

Wannan tsohuwar damuwa ce a fagen nan. A 2004 aka wallafa cewa WSP yana tayar da garkuwar jiki ta hanyar TLR2 da TLR4, masu gane baƙo a jikin ƙwayoyin garkuwa. TLR4 kuwa shi ne mai gane LPS, maiƙon bangon *E. coli*, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya tayar da ƙwayoyin garkuwa. Da aka karanta cikakken DNA na *Wolbachia* ta *Brugia* a 2005, sai aka ga ita ba ta ma da kayan ƙera LPS. Daga baya wani aiki a 2009 ya nuna wani furotin mai maiƙo, PAL, yana tayar da kumburi ta TLR2 da TLR6. Duk wanda ya ƙera furotin bakteriya a cikin wata bakteriya, nauyi ne a kansa ya nuna cewa abin da ya gani ba na mai masaukin ba ne.

Litinin, 14 ga Yuli

Abu biyu na yi a makon jiya. Na noma Rosetta mai ɗauke da filasmid fanko, na fasa ta, na jiƙa kowane ruwan jini a cikin wannan romon na sa'a biyu kafin ya shiga faranti, don antibodin da ke neman *E. coli* ya kama abinsa tun a waje. Na kuma bi da romon fankon ta kan nikel kamar yadda na yi wa furotina, na shafa shi a rabin farantin. Kowace saniya yanzu tana da ramuka biyu-biyu, abin da zan ɗauka shi ne bambancin da ke tsakaninsu.

Launin ya sauka sosai. A cikin masu ƙululu 14, tara sun nuna bambanci a fili. A cikin marasa shi 11, huɗu sun nuna. Akwai alama, amma da shanu 25 da faranti guda ba zan kira ta sakamako ba.

Huɗun nan su ne abin tunani. Rashin ƙululu a yankin cikin da na duba ba ya nufin saniya ba ta da tsutsa. *Gutturosa* da *armillata* su ma suna ɗauke da *Wolbachia*, kuma ban duba wuya ko jijiyar zuciya ba. Sannan akwai kaska. WSP dangi ɗaya ne da manyan furotin na bangon bakteriyar *Anaplasma* da *Ehrlichia*, irin su MSP4 da MAP1, kuma waɗannan biyun kaska ke yaɗa su, sun cika shanun ƙasar nan. Antibodin da saniya ta yi wa ɗayansu zai iya kama furotina, musamman da yake yuriya ta warware shi, sassan da suka yi kama da juna sun fito fili.

Na kai wa Dakta. Na ce, "Ranki ya daɗe, ina ganin sai an koma kwata." Ta ce ta yarda, amma wannan karon a ɗauki komai daga saniya guda. Abin da muka tsara ke nan. Kowace saniya za a ɗauki jini kashi biyu, ɗaya a kwalba mai EDTA, mai hana jini daskarewa, don PCR na *Anaplasma* da *Ehrlichia*, a duba cibiya da hantsa, a tsaga jijiyar wuya, a buɗe jijiyar zuciya. Za a nemi jinin 'yan maruƙa daga gonar madara da ke nesa da kogi a matsayin ma'aunin marasa cuta. Za a yi gwajin Western, mai raba furotin layi-layi, don a ga ko layin 24 ne ke haskawa ko wani. In kuɗi ya samu, a yi odar guntayen madaukan waje guda huɗu su kaɗai, tunda nan ne WSP ya fi bambanta da danginsa.

An kashe naira dubu 471, saura 179. Firaimomin cututtukan kaska da takardar Western za su ci kusan 120. Guntayen madaukai ba za su shiga ba sai an sami tallafi, Dakta ta ce in rubuta takardar nema kafin ƙarshen wata. Wuya da jijiyar zuciya nama ne na sayarwa, ba kamar gefen fata ba, don haka ranar Alhamis zan fara zuwa wurin Sarkin Fawa a yi maganar farashi kafin in kawo kula.